Madubin Taurarin Auta

Ƙanena ya dawo daga Aljeriya cikin bazara, lokacin da famfunan Birni, unguwarmu a Damagaram, suka ƙafe muna sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa. Shi ne ƙaraminmu, Auta muke ce masa tun yana goye, har ya yi gemu sunan bai sake shi ba. Kabu-kabu biyu suka kawo shi daga tasha, ɗaya na ɗauke da shi da ƴar jakarsa, ɗaya na ɗauke da wani dogon kwali da aka naɗe da bargo aka ɗaure da igiya. Inna ta daɗe tana riƙe da hannunsa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kuma idan ana masa magana sai ya riƙa kallon ƙasa.

Gidan da ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. Baba ya rasu yana can, rumfar dukancin da ya gada ta koma hannun wani. Matar Auta ta gaji da jira ta koma gidansu, aka raba auren ta waya. Ni kuma mijina ya rasu, na dawo ɗakin da na tashi a ciki, ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ta bayan ganuwa, ina kula da Inna. Mu uku ke nan a gidan da a da ba a jin maganar juna saboda yawan mutane.

Maƙwabta da suka zo barka da zuwa duk idonsu na kan kwalin. Wasu suka ce keken ɗinki ne, wasu suka ce injin markaɗe. Inna ma ta sa rai wani abin sana'a ne. Auta bai buɗe ba sai da ƙafa ta ɗauke. Wata ranar da ba lakwal ya jawo shi tsakar gida ya kwance igiyar a hankali, ya kira ni.

Abin da ya fito ya yi kama da doguwar ganga baƙa mai buɗaɗɗen baki. Da na leƙa ciki na hango fuskata can ƙasa ta kumbura, don a gindin akwai madubi mai lotsawa kamar kwano. Wurin sa ido ba a gindi yake ba, a gefe yake kusa da baki. Akwai ƙafafu uku na ƙarfe, da wani hannu mai inji a ciki wanda ke riƙe gangar yana juya ta, da ƴar telekomand, wato rimot, mai igiya a murɗe. Ya ce sunansa teleskop, taurari ake kallo da shi. Inna ta tambaya ko ana samun wani abu da shi. Ya ce a'a. Ta ce to Allah ya sa albarka, ta koma kan tsintar shinkafarta.

Labarin yadda ya same shi a gutsuttsure na ji. Bayan ya yi aikin gini a garuruwa da yawa, ya samu zama wurin wani tsoho, injiniya mai ritaya, wanda ƙafafunsa suka mutu. Auta ke yi masa wanka, ya dafa masa abinci, da yamma kuma ya goya shi zuwa saman bene, ya koma ya ɗauko teleskop. Tsohon ke latse-latsen, Auta na riƙe masa kujera. Da tsohon ya rasu, ɗiyarsa ta zo daga ƙasar waje ta rufe gidan, ta ce Auta ya ɗauki abin da yake so cikin kayan. Akwai firiji, akwai talabijin. Wannan ya ɗauka.

Ya san yadda ake harhaɗa shi ko da ido rufe, amma bai san yadda ake sa shi aiki ba. Ya bar lakwal da wuri, karatun Faransancinsa bai wuce na allon shago ba. Shi ya sa ya kira ni. Ya miƙo min takardar bayanin da ta zo da shi, ta sha hannu har gefenta ya yi laushi, ya ce, "Yaya, ke ce za ki riƙa karantawa, ni in riƙa yi."

Na ɗauka aikin yamma guda ne. Sai da muka kwashe makonni.

Abu na farko da rana ake yinsa. A saman gangar akwai wani ɗan gilashi mai jan ɗigo a tsakiya, da shi ake saiti. Dole inda ɗigon ya nuna ya zama nan ne babban madubin ke kallo. Muka zaɓi kan eriyar kamfanin waya da ake hangowa ta saman katangarmu. Da na sa ido na ga eriyar ta matso har ina ganin tsatsar kusoshinta, amma kanta a ƙasa yake, ƙafarta a sama. Na ce mun haɗa shi a juye. Auta ya ce haka yake, tsohon ya gaya masa a sama babu ƙasa babu bisa, don haka ba wanda ya damu ya gyara.

Bayan magariba muka kunna. Telekomand ta kawo jan haske, ta fara tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ina kuke, wace rana ce, ƙarfe nawa. Wurin da ke ciki garin tsohon ne. Na samo lambobin da ke nuna inda Damagaram take a littafin labarin ƙasa na lakwal, na ce mu shafe na da mu sa namu. Auta ya riƙe telekomand ɗin ya daɗe yana kallon sunan garin. Sannan ya ba ni ya ce in shafe da hannuna, ya tafi ya ɗebo ruwa ya sha ko da yake bai jima da sha ba.

Daga nan na'urar na son a nuna mata taurari uku masu haske da ke nesa da juna. Idan ta gane su, ta gane sararin duka, sai ka zaɓi abin da kake so ta kai ka da kanta. Mu kuwa kullum sai ta ce ba ta gane ba. Wata rana ta yarda, muka zaɓi wata, wanda ke tsaye fes a saman kanmu, sai gangar ta yi gurnani ta juya a hankali ta sunkuya tana kallon randar Inna. Na koma takarda ina bi layi-layi da fitila, sai can na gano a wajen kwanan wata, watan take so a fara rubutawa kafin ranar, mu kuma muna rubutawa yadda muka saba a lakwal. Ashe duk kwanakin nan sararin wani lokaci dabam take nema mana.

Bayan wannan sai matsalar pil, ƙananan baturan da injin ke ci. Waɗanda ake sayarwa a tebur ba sa kai ko'ina, ana cikin juyawa injin zai fara nishi ya tsaya, duk saitin ya lalace. Auta ya nemo tsohon batirin moto, wato babur, ya haɗa masa waya. Sai kuma muka ga taurarin duk suna da ƴar wutsiya a gefe ɗaya. Takarda ta ce madubin gindi ne ya goce, kuma ba mamaki, ya sha jijjiga a hanyar sahara. Akwai kusoshi a bayansa. Ni ina leƙawa, shi yana tsugune yana murɗawa kaɗan-kaɗan, ina cewa ƙara, koma, tsaya. A wannan tsugunon ne na fara jin ya yi magana mai tsawo tun da ya dawo. Ba kallona yake ba, kusoshin yake kallo, yana ba ni labarin yadda tsohon ke zagin gajimare kamar wani maƙwabcinsa.

Ranar da komai ya daidaita, wata ya kai rabi. Na sa ido sai na ja baya, don hasken ya yi min yawa. Na sake sawa. Ban taɓa tunanin wata ƙasa ce ba sai ranar. Ga ramuka manya da ƙanana, wasu cikin wasu, ga duwatsu da inuwarsu a kwance, ga wani fili mai santsi kamar tafkin da ya bushe. Injin na ta ɗan ƙara a hankali yana bin sa don kada ya kuɓuce. Muka taso Inna muka riƙe ta har bakin gilashin. Ta daɗe tana neman yadda za ta rufe ido ɗaya. Da ta gani sai ta ce, "Ashe shi ma ya yi zanzana." Auta ya yi dariya har ya dafa katanga. Ni da Inna muka kalli juna.

Tsakar gidanmu ƙunci gare ta. Katanga ta kowane gefe, ga bishiyar dogon yaro ta cinye gabas. Abin da ake gani bai fi faɗin tabarma ba. Don haka Auta ya fara hawa da shi saman soron zaure, ni ina miƙa masa kaya ta tsani. Can sarari a buɗe yake har duwatsun Birni. Muka ga tauraruwar da ido ke gani guda ashe biyu ne, ɗaya ja-ja ɗaya shuɗiya. Muka ga wani dunƙulen taurari kamar an zubar da gishiri. Da an kira isha'i muke sauka, don ina da lakwal da safe. A kwanakin nan ya fara cin abinci sosai, har ya je ya yi aski.

Ban yi tunanin maƙwabta ba, shi ma bai yi ba. Wata rana bayan la'asar Alhajin da ke bayan gidanmu, abokin Baba tun suna samari, ya yi sallama a zaure. Na shimfiɗa masa tabarma na koma bayan ƙofa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya ce iyalinsa sun daina fitowa tsakar gida da yamma. Cikin wannan zafin suna ƙunshe a ɗaka da yara, saboda akwai namiji a saman soro da abin hangen nesa.

Auta ya rantse masa bai taɓa karkata shi ƙasa ba. Ya ce abin ma ba ya iya ganin kusa, kuma komai a juye yake nunawa. Ya roƙe shi ya hau ya gani da idonsa.

Alhaji ya ce, "Ɗana, na yarda da kai, don na san wanda ya haife ka. Amma matan gidana ba za su iya cire ɗankwali ba kana sama. Ka duba wannan."

Gaskiya ya faɗa, kuma cikin mutunci ya faɗe ta. Auta ya ba shi haƙuri, ya raka shi har ƙofar gida. Bai ƙara hawa soron ba.

Magana kuwa ta riga ta zaga unguwa. A fadar samarin bakin titi ana cewa ya dawo da taɓin hankali. Wasu suka ce duba yake yi, ya koyo wurin Larabawa. Wata safiya ina shirin fita wata mata ta shigo da goyo, ban san ta ba, ta ce daga wajen Birni take. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce malamin taurari take nema. Mijinta ya tafi Libiya, an daɗe ba labari, tana so a duba mata ko yana raye. Auta na tsaye bakin ɗakinsa da buta a hannu. Na yi mata bayani cewa wannan gilashi ne kawai, ba ya faɗin gaibu. Ba ta saurare ni ba, shi take kallo. Ya tambaye ta wane gari mijin ya ce zai je. Ta faɗa. Ya ce bai taɓa zuwa can ba, Allah ya bayyana shi. Ya ajiye butar ya shige ɗaka, bai fito ba har na dawo daga lakwal.

Damina ta sauka, sama ta rufe. Ya mayar da teleskop cikin kwalinsa ya tura ƙarƙashin gado. Ya samu aiki wurin wani Bakano mai sayar da atamfa a kasuwa, yana sauke diloli yana jera su. Mutumin kirki ne, yana ba shi abinci, amma Auta kan dawo kamar wanda aka yi wa duka. Abokansa na da duk sun yi iyali, idan sun haɗu sai su gaisa su rasa abin cewa. Tsohuwar matarsa ta yi aure a wata unguwa, wata rana ya gan ta ta zo sayen atamfa da ciki, ya shige bayan diloli har ta tafi. Shi da kansa ya gaya min, ba tare da na tambaya ba, yana wanke ƙafa. Inna kan zuba masa tuwo ta zauna tana kallon ƙofar ɗakinsa. Ni ma na rasa ta inda zan ɓullo masa. Nakan ce ko mu fito da abin nan mu ga wata, ya ce akwai hadari, ko da babu.

Da kaka ta yi, Kawu, ƙanen Inna da ke noma a garin Droum, ya zo mana da sabon gero. Ya ga yadda Auta ya koma. Da zai tafi ya ce ya ji labarin wani madubi, kuma a wurinsu babu soron da za a hau a leƙa gidan kowa, fili ne har inda ido ya tsaya. Ya ce mu zo da shi. Auta ya fara kawo uzuri, Kawu ya ce ba shawara yake ba shi ba.

Muka tafi a motar kasuwa a ƙarshen mako. Na rungume gindin gangar a cinyata duk hanya don kada madubin ya sake gocewa. Droum ta cika da ƙanshin sabon hatsi, damman gero a jere ko'ina. Muka kafa ƙafafun a wani fili bayan rumbuna inda ake sussuka, ƙasar a daddaɓe take ba ta nutsewa. Da aka idar da magariba duhu ya sauko gaba ɗaya, ba kamar na gari ba. Taurari suka yi yawa har na rasa waɗanda muka saba nuna wa na'urar. Auta ya tsaya ya ɗaga kai ya juya a hankali, ya nuna min uku da yatsa. Karo ɗaya ta karɓa.

Ya latsa, gangar ta juya kudu ta tsaya. Ya leƙa, ya gyara, ya ce in zo. Wani ɗan ƙwallo ne mai ruwan ƙwai, ƙarami ƙwarai, da zobe kewaye da shi, tsaf kamar an zana da alƙalami. Tsakanin zoben da ƙwallon akwai baƙin rata. Limamin garin, wanda ya biyo Kawu daga masallaci, ya tambayi sunan tauraruwar, na faɗa masa da Faransanci, ya ce a littattafansu Zuhal ake ce mata, amma ba a taɓa gaya masa tana da zobe ba. Ya leƙa ya yi tasbihi, ya sake leƙawa.

Kafin a jima fili ya cika. Maza suka yi layi, mata suka tsaya gefe, sai Auta ya ce in karɓi mata shi ya ja baya. Wata tsohuwa, maƙwabciyar Kawu, ta leƙa ta ce ƙarya ne, hoto muka liƙa a ciki. Auta ya ce ta ci gaba da kallo, ya cire hularsa ya rufe bakin gangar, abin ya ɓace, ya janye, ya dawo. Ta ce a sake. Ya sake. Daga nan ba ta yarda ta ba kowa wuri ba sai da aka janye ta ana dariya. Ya kai su babbar tauraruwa Mushtari da ƴan watanninta a jere kamar an shanya su a igiya, ya kai su Kaza da ƴaƴanta da ke fitowa daga gabas, suka ga ƴaƴan sun fi ƙirguwa. Yana bayani da murya a sake, yana amsa tambaya, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Na tsaya a gefe ina kallonsa, na ce a raina ƙanena ya dawo.

Washegari Kawu ya zagaya da shi gona, ya nuna masa wani yanki da ya fi ƙarfinsa yanzu, ya ce idan yana so nasa ne, kuma mata ba su ƙare a Droum ba. Auta ya yi godiya sosai, ya ce zai yi tunani.

Da yamma ta yi ya ce yau ni zan yi komai. Ya zauna a kan turmi ya harɗe hannu. Na kafa ƙafafun, ya ce ɗaya ta fi tsawo, na gyara. Na ɗora gangar, na haɗa batir, na sa rana da lokaci. Na zaɓi taurarina, na'urar ta ƙi. Na juyo in tambaye shi, ya ce in sake. Sai a karo na gaba ta karɓa. Ya sa na kwance kusoshin madubi da gangan na mayar da su. Ya nuna min yadda ake rufe bakin don kada raɓa ta sauka a ciki, ya ce kada in taɓa goge madubin da tsumma ko ya yi datti. Na ji daɗin koyon, ban kawo komai a raina ba.

Mutane ba su riga sun taru ba, muna zaune mu biyu a tabarma, sai ya ce, "Yaya, zan koma."

Na ce ya koma ina, wurin wa? Tsohon ya rasu, gidan a rufe yake. Na tuna masa yadda ake kwaso mutane a zubar a bakin iyaka su tako da ƙafa. Na tuna masa shekarun Inna. Na ce ga gona Kawu ya ba shi, ga mutanen da suka yi layi jiya saboda shi. Ya bari na gama.

Ya ce, "A can ba ni da kowa, amma ba mai kallona da tausayi. A nan ko tuwo Inna ta zuba min sai in ga tana tausayina. Na kasa haɗiyewa."

Na ce wannan ba dalili ba ne. Ya ce ya sani. Sai ga mutane sun fara zuwa da kujerunsu, ya tashi ya tarbe su, ya yi musu bayani kamar jiya, har da raha.

Da muka dawo Birni shi ya gaya wa Inna da bakinsa, da hantsi, tana zaune tana gyaran zogale. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce tun ranar da ya sauka ta san bai sauke kayansa duka ba. Ta sa na sayo gyaɗa, ta yi masa ƙuli-ƙuli da dakuwa da hannunta, ko da yake hannun na ciwo. Ranar tafiya bayan asuba ya durƙusa gabanta, ta dafa kansa ta yi masa addu'a mai tsawo. Na raka shi bakin titi. Jakar da ya zo da ita ce a kafaɗarsa. Ya ce in riƙa fito da teleskop ina kunnawa, injin ba ya son zama.

Ya kira daga Agadez. Ya sake kira daga wani gari kusa da iyaka, layin na yankewa, ya ce da safe za su shiga, idan ya samu sabon layi zai neme mu. Shi ne kiran ƙarshe.

Da farko muna cewa sai ya zauna tukuna. Daga baya muka daina cewa komai. Inna ta sa na ɗinka wa wayata ƴar jaka, idan na dawo daga lakwal sai ta karɓa ta rataya a wuyanta. Duk wanda ya kira, ita ke fara ɗauka. Idan aka ce an kawo mutanen da aka koro daga arewa, nakan nemi izinin daraktan lakwal in je inda ake sauke su, in bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba takalmi, wasu ba sa iya magana. Na nuna hotonsa har na gaji da jin a'a. Inna ta kwanta a daminar da ta biyo, ba wani ciwo mai suna ba, cin abinci ta rage har ta daina. Ta rasu ranar wata Juma'a da rana, Kawu na wurin.

Na ci gaba da fito da teleskop kamar yadda ya ce. Sau da yawa a tsakar gida ni kaɗai, in kalli abin da katanga ta bari. Sau ɗaya na kai shi lakwal, da yardar iyaye, ƴan ajina suka tsaya bayan magariba suka ga wata. Sun yi murna, wasu har yau idan sun gan ni sai sun tuna min. Daga baya injin ya fara tsalle idan yana juyawa, ya wuce inda aka aike shi. Na kai wa mai gyaran rediyo, ya buɗe ya nuna min wani ɗan haƙori na roba da ya cinye, ya ce ba a samun irinsa ko a Kano. Yanzu da hannu nake tura gangar. Wata da manyan taurari nake iya samu, sauran sun fi ƙarfina.

A bazarar da ta wuce wata abokiyar aikina ta ce akwai wani mutum a garin Hamdara da ya dawo daga Aljeriya bayan shekaru, kuma ya zauna a garuruwan da Auta ya taɓa ambata. Na hau motar kasuwa na je. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga, mutum ne da ya manyanta, haƙoransa na gaba sun zube. Matarsa ta kawo min ruwa da fura. Na ba shi wayata da hoton Auta a kai, ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya matso da ita, ya daɗe.

Ya ce akwai wani da suka yi aikin gini tare, mai shiru, ba ya shiga hira, yana kama da wannan. Na tambaye shi yaushe, a wane gari. Ya faɗi garin, amma lokacin ya rikice masa, ya kasa cewa kafin dawowar Auta ne ko bayan komawarsa. Ya ƙara da cewa kamar wancan mutumin ya ce shi daga wajen Maradi yake. Ya sake kallon hoton.

Ya ce, "Hajiya, ba na so in ba ki abin da ba ni da shi. Ban tabbata ba."

Na tambaye shi yadda hanyar take a shekarar da Auta ya shiga. Ya mayar min da wayar, ya ɗauki igiyarsa, ya ce hanya dai hanya ce, Allah ya sa yana cikin waɗanda suka wuce. Matarsa ta raka ni har inda ake jiran mota, ta ƙulla min ɗanyar kuɓewa a leda ta ce ta lambunsu ce. Motar ta daɗe ba ta cika ba, na zauna a inuwar wata rumfa har la'asar. Na iso Birni ana kiran magariba, na buɗe gidan, na ɗora ruwa, na yanka kuɓewar na yi miya, ta yi min yawa, na aika wa gidan Alhaji da sauran.